Amsa ga ƙanena mai tambaya kan Varg Veum

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai a labaran binciken kisa na ƙasashen Sikandinabiya me ya sa kullum ɗan sanda ne jarumi, ko babu mai bincike mai zaman kansa irin na Amurka, kuma in akwai da littafi za ka fara ko da fim.

To gaskiya ka lura da kyau. Martin Beck ɗan sanda ne, Wallander na garin Ystad ɗan sanda ne, Harry Hole na Oslo ma haka. A ganina dalilin shi ne marubutan can gwamnati suke son tuhuma, tun littattafai 10 na Martin Beck da marubutan Sweden Sjöwall da Wahlöö suka fitar daga 1965 zuwa 1975, kuma mai son tona asirin hukuma ai ɗan cikinta zai ɗauko.

Amma akwai mai bincike mai zaman kansa, Varg Veum. Gunnar Staalesen ne ya ƙirƙire shi a 1977, shi Veum yana zaune a Bergen ta ƙasar Norway, garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ofishinsa na Strandkaien kusa da kasuwar kifi, har mutum-mutuminsa aka kafa a wurin. Abin da ya sa nake son sa shi ne tsohon ma'aikacin hukumar kula da yara ne, shi ya sa in aka kawo masa cigiyar yarinya ba neman mai laifi kawai yake yi ba, sai ya bi gida-gida ya gano wa ya yi sakaci da ita tun tana ƙarama, uwa ce ko uba ko hukumar da kanta.

Finafinan kuwa, guda 12 aka yi daga 2007 zuwa 2012, Trond Espen Seim ne ya fito a matsayin Veum. Ba laifi wallahi, Bergen ta fito da kyau, duhu da damshi da komai. Sai dai sun mayar da shi matashi mai guje-guje da dambe, alhali a littafi shi yake ba da labari da bakinsa, a gajiye, da baƙar magana, ga kwalbarsa a durowar tebur. Wannan muryar kyamara ba ta iya ɗauko ta ba.

Don haka ka fara da littafi, an fassara da yawa zuwa Turanci. In ka gama guda biyu sai ka kalli fim, ka dawo mu yi musu.

Naka,
Yayanka