Yaro yana kallon tiyar ubansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana iyaye, musamman mu na Kabi.

A Argungu ba a sa yaro a aji don ya koyi su, wato kamun kifi. Yana bin ubansa bakin kogin Matan Fada, ya ga yadda ake kwanciya a kan gora, yadda ake riƙe homa, wata rana sai ka gan shi a ruwa. Bikin kamun kifin da aka fara tun 1934 da haka ya kawo yau.

To, idon da ya ɗauki su, shi ne ke kallonmu a kasuwa. Uba ya yayyafa wa shanshera ruwa don ta yi nauyi, ko ya bubbuge gindin tiya, ɗansa kuwa shi ke riƙe masa bakin buhu. Da yamma yaron nan ya tafi makarantar allo, malam ya biya masa Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba. Wa zai bi? Ni dai ban ga laifin malam ba, sa'a biyu yake samu, uba kuwa yini guda. Abin haushi, ranar da yaron ya rage canjin cefane, uban ne zai fara ɗauko bulala.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗubar Juma'a kafin girbin shinkafar rani, sarakunan kasuwa kuma su riƙa zagayawa suna duba tiyoyi.

Wassalam.

Wani uba,
Argungu, Jihar Kebbi