Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ilimi: Dokar Sauyin Yanayi Ba Ta Iso Ajinmu Ba

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ni malamin ƙaramar sakandare ne a yankin Haɗeja, kuma tunatarwa na zo yi. A watan Nuwamban 2021 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta tanadi a shigar da ilimin sauyin yanayi cikin darussa daban-daban a kowane matakin karatu. Ka fi ni sanin wannan. Mu dai har yau dokar ba ta iso ajinmu ba. Ƙila tana hanya, ka san titin namu sai a hankali.

Yaranmu ba sa bukatar a ce musu yanayi ya sauya. Da idonsu suka ga ambaliyar 2022 ta cinye shinkafar iyayensu, sun kuma ji yadda madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumban 2024. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, me ya sa damina ke makara, in ta zo kuma sai ta zo da ɓarna?” Na buɗe littafi, sai ma'ana layi biyu da Turanci, irin ta hadda don jarrabawa. Wallahi kunya ta kama ni. Ni kaina ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, to da me zan amsa masa?

Matsalar ke nan, ranka ya daɗe: malamin ne bai sani ba. Da an horar da mu, malamin lissafi zai iya ba da aiki da alƙaluman ruwan sama na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, malamin addini ya kawo falalar dasa itace, na aikin gona ya nuna irin da ke nuna da wuri. Duk wannan ba ya bukatar sabon gini.

Na ga an sa haɗa sola cikin sana'o'in sabuwar manhajar 2025. Madalla. Batun bishiyoyin da ake dasawa ranar biki awaki su cinye kafin sati kuwa, na bar shi sai wani jiƙon.

Don Allah, a fara da kwalejojin ilimi da bita ga mu da ke cikin aji, a kuma ba mu jagorar malami da Hausa kafin damina mai zuwa. Yaron nan yana jiran amsa.

Naka,
Wani malamin aji daga Jigawa