Fuskar da Mednyánszky ya zana ta hana ni sakat

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafinku na al'adu, wanda fim da waƙa suka mamaye har aka manta da masu zane.

Kwanan baya ina lilo a intanet na faɗa rumbun hotuna na Gidan Zane-zane na Ƙasar Sulobakiya, wanda aka kafa a 1948 a birnin Biratislaba. A nan na ci karo da aikin Ladislav Mednyánszky, haifaffen garin Beckov na Sulobakiya a 1852, wanda ya rasu a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1919. Mutanen Hungari ma suna cewa nasu ne, domin a zamaninsa Sulobakiya tana ƙarƙashin masarautarsu.

Zanen da ya tsaya mini a rai na kan wani ɗan gararamba ne. Bayansa duhu, rigarsa kuma 'yan shafe-shafen fenti ne masu launin ƙasa, ba ka ma gane inda kafaɗa ta ƙare. Da na matso da hoton a waya, sai gemun ya tarwatse ya koma sawun buroshi. Amma idanun nan! Sun faɗa ciki, suna kallonka kallon wanda ya kwana da yunwa kuma bai roƙi kowa ba. Na daɗe riƙe da wayar ban iya wucewa ba.

Abin da ya ƙara taɓa ni, Mednyánszky ɗan sarauta ne, gidansu katafaren gida ne a ƙauyen Strážky, ya yi karatu a Munik da Paris, amma ya bar daula ya riƙa cuɗanya da marasa galihu, yana zana su, yana taimaka musu da dukiyarsa. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya haura sittin, ya bi sojoji fagen daga yana zana masu rauni.

Na nuna wa wani abokina, sai ya ce ai ba a gama zanen ba. Haka muke yi wa masu zanenmu: idan bai fito sak kamar hoton kyamara ba, sai a ce mutum bai iya ba. Wannan yana ci mini rai.

Don Allah, Edita, ku buga irin waɗannan zane-zane ko da sau ɗaya a wata, ku nemi malaman sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello su yi mana bayani da Hausa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku kullum,
daga Zariya