Kumburin ƙasan haɓar maigidana ya dawo bayan ya bar magani

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ina sauraron shirinku daga nan unguwar Zariya, Maradi, kuma damuwar maigidana ce ta sa na rubuto.

Tun bara ƙasan haɓarsa ya kumbura dama da hagu, da tauri, amma babu zafi babu zazzaɓi. Da farko kowa hangum yake cewa, to amma hangum ba ya wata da watanni. Daga baya fatar idonsa ta sama ta tasa, bakinsa ya riƙa bushewa har tuwo ba ya wucewa sai da ruwa. A Yamai aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce alhamdu lillahi ba daji ba ne. Wata cuta ce da ba a cika gani ba, mai alaƙa da sinadarin IgG4.

Yadda likitan ya yi mana bayani, ƙwayoyin garkuwar jikinsa ne suka rasa daidaito. Masu haɗa wannan sinadari sun yi yawa, sun taru a wurin da yawu yake fitowa, suna mai da naman ya zama tabo. Ya kuma gargaɗe mu cewa ciwon kan taɓa ƙoda da gaɓar nan ta cikin ciki da ke sarrafa sukari, wadda likitoci ke kira pancreas, wani lokaci ba tare da mutum ya ji komai ba. Wannan maganar ce take hana ni barci.

An ɗora shi a kan prednisolone, kumburin ya sace cikin 'yan makonni. Sai dai Alhaji yana da ciwon sukari, maganin kuma ya tayar masa da shi, fuskarsa ta cika. Rana ɗaya ya ajiye ƙwayoyin, ya ce ya warke. Yanzu ga kumburin yana dawowa, yayansa kuma ya nace sammu ne, a kira wanzami ya tsaga. Wallahi ban yarda a sa aska a wuyan mai ciwon sukari ba, amma maganata ba ta kai ta yaya ba.

Likita, ya koma kan maganin da kansa, ko sai an sake awo? Na ji ana rage shi ne sannu a hankali, to barinsa lokaci guda da ya yi ya ja masa wata illa? Akwai wani magani da ba ya tayar da sukari? Don Allah ku amsa a shirin dare, lokacin yana gida, domin ya fi jin maganar likita.

Taku,
Uwargida daga Maradi