Ba kowace ciyawa ke shiga bango ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu sha'awar gina ɗaki da dami, wato damin karan shinkafa ko na alkama, mai kusurwa huɗu, da inji ke matsewa, a jera shi kamar bulo sannan a yaɓe. Dabara ce mai kyau, domin bango mai kaurin santimita 45 yana tare zafin Afrilu fiye da bulon siminti. Abin da ya dame mu shi ne masu cewa tunda karan shinkafa da na alkama sai an je wajen madatsun ruwa irin su Jibiya da Zobe, a ɗaure ciyawa kawai a yi da ita.

Gaskiya ne a Nebraska ta Amurka, inda aka soma wannan gini a ƙarshen ƙarni na 19, har ciyawar daji sun yi amfani da ita, saboda ba su da itace. Amma a can ne aka gina wata makaranta wajen 1896, aka bar ta ba yaɓe, zuwa 1902 shanu sun cinye ta.

Kara shi ne abin da ya rage bayan tsiro ya zuba ƙarfinsa duka a cikin ƙwaya, shi ya sa ba ya saurin ruɓa. Ita kuwa ciyawar dabbobi ɗanya ake yanka ta, da ganyenta da 'ya'yanta. Abin da ke sa rago ƙiba shi ne dai abincin funfuna. Da danshi ya taɓa ta, cikin damin zai ɗau zafi, ya yi baƙi, ya lotsa, yaɓen ya tsage. 'Ya'yan kuma su jawo ɓera. Harawar wake da ta gyaɗa kada ma a kawo zancensu, a bar wa masu kiwo, su suka san darajarsu da bazara.

Wanda ya zama dole sai ciyawa, to ya nemi gamba. A bar ta ta zubar da 'ya'ya, ta bushe a tsaye cikin hunturu, a yanka a Disamba ko Janairu, a kakkaɓe ganyen kafin a kai wa inji. Dami mai kyau, in an ɗaga shi ta igiya ba ya lanƙwasa, kuma da ƙyar yatsu ke shiga ƙarƙashin igiyar. Danshinsa kada ya kai kashi 20 cikin 100, gara ma 15. In babu na'urar awo, a soka rodi a tsakiyarsa ya kwana, a zare da asuba. In ya fito da ɗumi ko warin ruɓa, wannan dami ba na gini ba ne.

Sai maganar gara, wadda mu nan Katsina ita ce babbar abokiyar gaba. A ɗaga harsashi na dutse da siminti kamar santimita 40 daga ƙasa, a shimfiɗa fallen kwano a kai, bakinsa ya ɗan leƙo waje don a riƙa ganin hanyar gara tun tana hawowa.

Yaɓe kuma na ƙasa da ramno za a yi, hawa uku, kaurinsu duka santimita 3 zuwa 4. Na farko a cusa shi da hannu har ya kama karan, kowanne ya bushe kafin a ɗora wani. Siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Kada a yi rufin soro da azara, nauyinsa ya fi ƙarfin dami. A yi kwano, bakinsa ya zarce bango da santimita 60. Bangon gabas, inda hadari ke dukansa, a ƙara masa makuba, kuma a tabbata an gama rufi da yaɓe kafin ruwan Yuni ya sauka.

Wassalam.

Wasu magina,
Katsina