A Riƙa Wa Ɗaliban Da Ke Koyar Da 'Ya'yanmu Ranar Asabar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wasu matasa da ba kasafai ake jin labarinsu ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin fadamar Rima, kusa da birnin Sakkwato, kuma na haura shekara 20 ina riƙe da alli.

Wata Asabar da hantsi, shekarun baya kaɗan, samari huɗu da 'yan mata uku suka sauka daga kabu-kabu a ƙofar makarantarmu, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu har gira. Suka ce su ɗalibai ne daga manyan makarantun cikin gari, ƙungiyarsu ce ta turo su, suna neman izinin koyar da 'yan aji biyar da shida karatu da lissafi duk Asabar, kyauta. Na kai su wurin hedimasta, daga nan muka ɗunguma zuwa zauren mai gari. Wani dattijo ya dube su sama da ƙasa, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ɗiyan ga da sunka zo, wa ka biyan su?" Na ce babu kowa, Baba. Ya girgiza kai ya ce, "To, mu gani in sun kai damina."

Sun kai damina, sun wuce ta. Akwai wata yarinya a cikinsu, mai karanta ilmin koyarwa, da take zuwa da leda cike da marafan kwalba da gutsattsarin kwali waɗanda ta rubuta wa baƙaƙe da wasula. Ta zaunar da yara a gindin dogon yaro, ta raba musu marafan kashi-kashi, da haka take koya musu sau da rabawa. A ajina akwai yaron da ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ga kunya ta hana shi buɗe baki cikin yara sama da 70. Ita kuwa tara kawai take da su a gabanta, don haka ta gano shi tun ranar farko. Bayan wata uku ubansa, manomin albasa, ya tare ni a bakin masallaci yana murmushi. Wai yaron ya tsaya gaban buhun taki ya karanta masa abin da ke jiki, harafi bayan harafi. Na yi shekara biyu da yaron nan ban samu sukunin zama da shi shi kaɗai ba, kuma wannan abu yana damuna har yau.

Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin iyaye da yawa suna kallon ƙungiyoyin ɗalibai a matsayin shiririta da ɓata lokaci. "Karatu na tura ka, ba taro ba," haka ake cewa. Na fahimci tsoronsu, domin ni ma uba ne. Akwai ƙungiyoyin asiri da suka halaka 'ya'yan mutane a jami'o'in ƙasar nan, akwai kuma wanda hidimar ƙungiya ta ɗauke wa hankali har ya faɗi jarrabawa. Uban 'ya mace yana da nasa ƙarin tunanin. Amma ai ba a taru an zama ɗaya ba. Ƙungiyar kirki tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami uban ƙungiya, taronta da rana tsaka ake yin sa. Uba zai iya tambayar waɗannan abubuwa uku kafin ya ce i ko a'a, ya nemi lambar malamin ya kira shi da kansa.

Duk wanda ya leƙa zai ga aikin da ake yi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana shirya wa sababbin ɗalibai darussan bita da kuma ziyarar marasa lafiya. Ƙungiyoyin 'yan ƙananan hukumomi, ga mu da 23 a jihar nan, su ne ke kama hannun ƙannensu na ƙauye wajen cike takardun JAMB da neman gurbin karatu. 'Yan Red Cross suna koyon taimakon gaggawa. Masu karatun likitanci da jinya suna shirya gangamin ba da jini, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a barandar asibiti da dare yana neman leda ɗaya ta jini domin mai naƙuda ko yaro mai sikila ya san wannan ba wasan yara ba ne. Ga kuma masu koyon aikin jarida a harabar makaranta, waɗanda na tabbata kai ma ka ci karo da rubutunsu.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa jaji, wato jagorar mata, a ba ta malfa, ta riƙa kai da kawowa tsakanin malama da matan karkara, tana ɗauko karatu tana kai musu har gida. Ba albashi ake ba ta ba. Idan na ga 'yan matan nan da hijabansu suna tafe a ƙasa daga bakin titi cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jajin nan nake tunawa. Manomanmu kuma sun san gayya tun kaka da kakanni. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, daga baya jami'ar jiha ta zo, ga kwalejoji. Makarantun nan a tsakiyar gonakin talakawa suke zaune. Ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ba ta bambance ɗalibi da manomi ba, duk tare muka ji jiki. Maƙwabtakar da ta haɗa mu a wahala ya dace ta haɗa mu a ilmi.

Sai dai aikin yana tafiya ne da ƙyar. Kuɗin alli da littattafan rubutu da na kabu-kabu duk daga karo-karon yaran nan yake fitowa, wato daga abin da iyayensu suka ba su na abinci. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya kusa kashe ajinmu, domin baƙi duk sun koma garuruwansu. 'Yan gari uku ne suka riƙe shi. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya ninka, masu zuwa suka ragu, wasu suka koma zuwa Asabar ɗaya su tsallake ɗaya. Babbar matsalar ita ce ɗalibi baƙo ne mai wa'adi. Shekara huɗu ya gama, ya tafi bautar ƙasa, ya tafi da duk abin da ya sani a kansa: wane yaro ne ya kai ina, wane gida ne ke hana 'ya mace fitowa, wa ake gaisarwa kafin a fara. Waɗanda suka gaje shi sai su faro daga tushe.

Akwai kuma masu son cin tuwo da miyar wasu. Wani yaron ɗan siyasa ya taɓa zuwa da katan biyu na littattafai masu hoton maigidansa, aka jera yaranmu a rana aka ɗauki hoto aka watsa a Facebook, kamar shi ya kafa ajin. Ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Ɗaliban sun ji ciwon abin, ɗaya daga cikinsu har da hawaye.

Roƙona ga hukumomin manyan makarantunmu shi ne su ba wannan aiki matsayi. A riƙa ba ɗalibin da ya yi hidima takardar shaida mai hatimi, a wajabta wa kowace ƙungiya ajiye kundin aikinta ta miƙa wa magadanta, kuma idan motar makaranta tana zaune ranar Asabar, a ara musu ita. 'Yan kasuwarmu da Allah Ya hore wa, kuɗin hawan ɗalibi bakwai na wata guda bai kai abin da ake kashewa a walima ɗaya ba, ga shi sadaka ce mai gudana. Mu mutanen ƙauye kuma namu shi ne ruwan sanyi a randa, da fura idan ta samu, da sakin yara daga gona na awa biyu.

Dattijon nan da ya tambayi wa ke biyan su, yanzu shi ne ke aiko da tabarmi biyu daga gidansa duk Asabar, jikokinsa mata uku suna ajin. Ɗaliban sun tafi hutun jarrabawa, sun ce za su dawo da an koma. Yaran sun riga sun tara marafan kwalba cike da gwangwani biyu, suna ajiye a ofishin hedimasta.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Malamin firamare,
daga bakin fadamar Rima, Sakkwato.