Wasiƙa zuwa ga Edita: Kafin a kwaikwayi Double Dare, a duba yadda aka gina shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana kan wani nau'in shirin talabijin da ake yawan raina wahalarsa, wato gasar da ke haɗa kacici-kacici da wasannin motsa jiki na ban dariya. Duk lokacin da aka taɓo zancen ƙarancin shirye-shiryen yara da na iyali a tashoshinmu, sai ka ji wani ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne: a tara yara, a yi musu tambayoyi, wanda ya faɗi a sheƙa masa ruwa. Wanda ya bi wannan shawara zai samu kashi biyu ko uku masu daɗin kallo, daga nan mutane su gundura.

Shirin da ya fi dacewa a zauna a nazarta shi ne Double Dare na tashar Nickelodeon ta Amurka. An fara nuna shi ranar 6 ga Oktoba, 1986, Marc Summers ne mai gabatarwa, kuma a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na tashar WHYY da ke Filadelfiya aka fara yin sa. Ya ci gaba har 1993, aka dawo da shi a 2000, aka sake dawo da shi a 2018. Mutane sun fi tuna koren yauƙin da ake kwarara wa yara, amma ƙa'idar wasan ce ta riƙe shi tsawon waɗannan shekaru.

Ga yadda take a nau'in farko na 1986. Ƙungiya biyu ce, kowacce da yara biyu. Ana buɗe shirin da gajeren wasa na rige-rige tun kafin a gabatar da kowa, wadda ta ci ta samu dala 20, kuma tambayar farko tata ce. Kowace tambaya dala 10 ce. In ƙungiyar ta amsa daidai ta ɗauki kuɗin, ta ci gaba da riƙe wasa. In ta kuskure, wasa ya koma hannun abokan karawarta. Sai dai tana da mafita ta uku: ta tura musu tambayar, kuɗin ya ninka ya zama 20. Su kuma ko su amsa ko su mayar mata, kuɗin ya kai 40. Da zarar tambaya ta dawo, babu sauran inda za a tura ta. Ko dai a amsa, ko a zaɓi wasan motsa jiki a madadin amsa. Wanda ya kuskure tambayar da aka turo masa, ko ya kasa kammala wasan cikin lokaci, kuɗin ya tafi ɗaya ɓangaren. A zagaye na biyu ana ninka komai.

A lura da abin da wannan tsari yake haifarwa. Yaron da ya san amsa sarai yana iya yin shiru, ya ɓata fuska kamar bai sani ba, ya tura tambayar da fatan za a mayar masa da ita a kan 40. Su kuma na can sai sun yi wa fuskarsa karatu: da gaske bai sani ba, ko tarko ya ɗana mana? In sun san amsar, dabararsa ta juye masa, sun ci 20 sun kuma karɓe wasa. Ke nan ko tambaya ɗaya tana ɗauke da ciniki, kuma mai kallo a gida yana yin cinikin tare da su. Abu na biyu, wasan motsa jikin ya zama ƙofar tsira ga wanda bai san amsa ba. Yaron da karatu bai zauna masa sosai ba amma yana da zafin nama, shi ma yana da ranarsa. Na uku, kuma wanda na fi ba muhimmanci, yaron da kansa ne ya zaɓi shiga cikin caɓin. Ba hukunci aka yi masa ba. Shi ya sa idan ya fito jiƙe sharkaf yana dariya, mai kallo zai yi dariya tare da shi ba tare da jin an wulaƙanta ɗan wani ba.

Akwai masu bin wata hanyar. A shirin Ellen's Game of Games da tashar NBC ta fara a ƙarshen 2017, akwai zagayen da ake jera 'yan wasa a kan dandamali mai tsawo, wanda ya kuskure amsa a buɗe ƙasan ƙafarsa ya zurma. Yana ba da dariya, amma ɗan wasa ba shi da wata shawara da zai yanke. Takeshi's Castle na Jafan, wanda shi ma a 1986 aka fara shi, ya dogara ne da yawan jama'a, mutum sama da ɗari a makeken fili suna faɗawa cikin taɓo. Wannan sai mai kuɗi da fili. Double Dare kuwa a ɗaki ɗaya aka riƙa yin sa.

Wurin da masu kwaikwayo suka fi tuntuɓe shi ne tambayoyin. In duk masu sauƙi ne, babu mai tura wa wani, a ƙare shiri ba a yi wasan motsa jiki ko ɗaya ba. In duk masu tsauri ne, kowace tambaya ta ƙare a wasa, lokaci ya ƙare ba a yi tambaya shida ba. Shirin rabin sa'a, bayan an cire talla, bai fi minti 22 ba, kuma a ganina wasa uku zuwa huɗu sun ishe shi. Don haka a cakuɗa su: biyu ko uku da yaro ɗan aji shida zai amsa ba tare da dogon tunani ba, sai ɗaya da kusan babu mai saninta. A kuma rufe jerin kafin a san wace ƙungiya ce za ta gamu da wace tambaya. Amurkawa sun ƙone a kan wannan, domin bayan badaƙalar shirye-shiryen kacici-kacici ta shekarun 1950, inda ake ba wasu 'yan takara amsa a ɓoye, a 1960 suka mayar da maguɗi a irin wannan gasa laifi a dokar tarayya. Mu ko babu doka, uba ɗaya da ya zargi an fifita wata makaranta ya isa ya ɓata sunan shiri.

Wasannin kansu gajeru ne, daƙiƙa 10 zuwa 30. Wasa mai kyau ana bayyana shi a jimla ɗaya, kuma mai kallo yana ganin nasara da idonsa. Shi ya sa aka fi yin amfani da mazubi mai garai-garai da aka ja wa layi: ɗaya ya jefo soso jiƙaƙƙe, ɗayan ya cafe ya matse a ciki, ruwa ya wuce layi kafin ƙararrawa. A sa wa ruwan launi, in ba haka ba kyamara ba za ta nuna inda ya tsaya ba. A kuma faɗa tun farko cewa ruwa ake aunawa, ban da kumfar da ta taso a samansa, don nan ne gardama take tashi. A ajiye alƙali ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma kada ya zama mai gabatarwa.

Kowane wasa sai an gwada shi kafin ranar ɗauka, kuma da yara sa'annin waɗanda za su yi shi. Ma'aikacin da ya gina wasan ya san sirrinsa, hannunsa ya fi tsawo, babu kuma 'yan kallo da ke ihu a kansa. Lokacin da ya ɗauka bai nuna komai ba. Abin da ake nema shi ne wasan da kusan rabin masu gwadawa za su ci. In kowa yana ci, to babu mai sake wahalar da kansa da amsa tambaya. In babu mai ci, yara za su gwammace su yi ta cankar amsa.

Ƙungiyar da ta fi kuɗi ita ke zuwa zagayen ƙarshe: shingaye takwas cikin daƙiƙa 60, a kowanne akwai ƙaramar tuta da za a ciro a miƙa wa abokin wasa, kowace tuta da kyautarta, ta takwas ita ce babba. Akwai ƙaton hanci da ake zura hannu a laluba, akwai ƙaton gargare da yaro ke shiga yana tafiya a ciki har tuta ta sauko, akwai gangara mai santsi da ake hawa sannan a sulalo. Lissafin ya nuna daƙiƙa bakwai da rabi ke nan ga kowane shinge, har da gudun da ke tsakani. Saboda haka ba a jera shingen lalube biyu a jere, domin lalube ba shi da tabbacin lokaci. Ga kuma abin da ake yawan mantawa: yaran karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya yi na 1, 3, 5 da 7, ɗayan ya yi sauran. Idan na 3 ya cika wa yaro hannu da yauƙi, kada na 5 ya zama hawan igiya ko tsani, ko da na 4 busasshe ne. A bi jerin ta kan kowane yaro. Sannan mutum ɗaya ya zagaya da takarda ya taɓa tutoci takwas ɗin da hannunsa kafin a ce a fara. A ranar farko ta ɗaukar Double Dare an sa yaro ya yi ta tonon ƙaton matashin kai mai cike da gashin tsuntsu har lokaci ya ƙare, ashe ba a sa tutar a ciki ba.

Sai batun yauƙin. Na Double Dare kayan abinci ne: wani kunun madara mai kauri, da markaɗaɗɗen tuffa, da launin abinci kore. Irin wannan haɗi yana tsami da wari idan ya sha zafin fitilun ɗauka, kuma a wurinmu akwai abin da ya fi wannan nauyi. Mai kallon da yake auna shinkafa da gwangwani ba zai yi dariya ba idan ya ga ana tattaka ƙwai da madara, zai kira abin almubazzaranci, kuma da gaskiyarsa. Masu fim suna amfani da wani gari da ake kira metilselulos. Giram 10 zuwa 20 a kowace lita ya isa, gwargwadon nau'insa. Ana barbaɗa shi a ruwan zafi ana motsawa, sai ya huce yake kauri. In aka zuba shi kai tsaye a ruwan sanyi ya yi gudaji. Inda babu shi, ɓawon dargaza da aka jiƙa aka tace yana ba da yauƙi mai kyau, da sharaɗin a haɗa shi a ranar, a zubar a ranar. Kumfar aski da garin sabulu suna yaji a ido, kada a kusance su. Launin ma a gwada shi a fata da a tufafi tun jajibiri, wani ba ya fita sai bayan kwanaki.

Ba yauƙin ke ji wa yaro ciwo ba sai daɓen da ya zuba a kai. Tayil mai sheƙi da aka jiƙa, yaro a guje, ƙeya ce ke fara isa ƙasa. A shimfiɗa roba mai kaushi, a sa katifa a duk inda ake sauka ko sulalowa, a naɗe kowace kusurwar ƙarfe ko katako da soso. 'Yan wasan Double Dare suna shiga zagayen ƙarshe da hular kwano da makarin gwiwa da na gwiwar hannu, kuma babu dalilin da namu za su shiga da ƙasa da haka. Wayoyin lantarki a rataye su sama, kada ko ɗaya ta bi ta inda ruwa ke gangarawa. Idan manya ne za su yi wasan, a auna hawan jininsu a tambayi lafiyar zuciyarsu. A 2020 wani ɗan wasa ya rasu bayan ya kammala shingayen shirin Wipeout a Amurka, duk da akwai ma'aikatan lafiya a wurin.

Wani abu kuma ba ya kwaikwayuwa kai tsaye. A 1988 aka fito da nau'in shirin na iyali, inda uwa da uba ke shiga da 'ya'yansu, ɗa ya maka wa ubansa faranti cike da kirim a fuska jama'a na tafi. Bahaushe ba zai zauna da iyalinsa ya kalli wannan ba. Amma muna da waɗanda al'ada ta riga ta halatta wa tsokanar juna: jika da kaka, taubasai, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa. A haɗa ƙungiyoyi ta wannan fuska, rabin barkwancin ya samu tun kafin a fara. Wasan da ke buƙatar riƙe juna ya zama maza da maza, mata da mata. Kayan wasa su kasance masu kauri da duhun launi don kada su manne su nuna jiki idan sun jiƙe, 'yan mata kuma su sa gajeren hijabi marar allura da ake cusawa cikin riga, saboda dogon yana iya sarƙewa a gargare ko igiya.

Mai gabatarwa ma ba mai karanta labarai ake nema ba. Summers ya yi wasan dabo da barkwanci a dandamali kafin ya zo shirin, kuma ana ganin haka a yadda yake bayyana ƙa'ida cikin sauri, yana ƙirga lokaci, yana kwantar wa yaron da ya ruɗe hankali duk a lokaci guda. Shekaru bayan haka ya bayyana cewa yana fama da larurar waswasin tsafta duk tsawon lokacin da yake tsaye cikin wannan caɓi.

A kasafin kuɗi kuma, abin da ke cin lokaci shi ne gyara tsakanin wasa da wasa. Wasan daƙiƙa 20 yana iya jawo sharar minti 15. Tashar da ke son ta ɗauki kashi uku ko huɗu a rana ɗaya, don ta rage kuɗin man janareta da na ɗauko yara, sai ta tanadi masu shara aƙalla huɗu da matsefin ruwa na roba da tawul masu yawa, kayan wasa biyu-biyu ga kowane yaro, wurin wanka na maza daban na mata daban, da tankin ruwa a cike tun daren jiya.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar shirye-shiryen talabijin,
Kaduna.